Alhamis ɗin da Muka Tafi Ganin Itacen Goro

Don babanku na faɗi abin da na faɗa wa mai babur ɗin nan a Kwatano, ko don kaina na faɗa? Shekara bakwai ke nan ina ɗauke da wannan tambaya. Na kai ta kasuwa, na kai ta kan buzun salla, na dawo da ita gida yadda na fita da ita. Ba na sa ran wani cikinku zai amsa mini. Abin da nake so shi ne ku san yadda abin ya faru, domin labarin da kuka riƙe tun rasuwarsa ba daidai ba ne, kuma ni ce na bar ku da shi.

Rakiya ce ke rubuta wannan, ɗiyata ta biyu, wadda ke aikin unguwarzoma nan Malanbil. Ni ban san baƙi ba, ban taɓa zama a aji ba. Da gangan na zaɓe ta, ban zaɓi yayanta ko autanmu ba, na kuma sa ta yi mini alkawari cewa ba za ta ajiye alƙalami ba sai na ce na gama. In kuka ya tsayar da ni za ta jira, in ya wuce mu ci gaba. Har yanzu ban iya ambaton mutumin nan da busasshen ido ba, kuma na daina jin kunyar hakan.

Babanku malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa duk gari ke kiransa Mushe, yadda ake kiran malami da faransanci, har liman. Ni kuma daga Garu aka kawo ni, cikin masu noman albasa da shinkafa, sunan da ya sa mini ke nan har ya bar duniya: 'Yar Garu. Satin farko da na tare na ga gwangwanin tumatir a kan wani turke a tsakar gida, na ɗauke na wanke na zuba gishiri. Da ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallon turken. Ashe da shi yake auna ruwan sama, duk safiyar da aka yi ruwa sai ya tsoma ma'auni ya rubuta a littafi. Ƙarƙashin katifarmu kuma tsofaffin jaridu ne, tsakanin kowace biyu akwai ganye a shimfiɗe yana bushewa. Shekara arba'in da 'yan kai na kwana a kan ganyayen nan. Yakan ce nauyina ya fi na buhun shinkafa daidaita su.

Mutane in sun samu hutu gaida dangi suke tafiya. Babanku ƙasusuwa da itatuwa yake zuwa gaidawa. Ina goye da yayanku ya ƙetare da ni gadar garinmu, muka bi ta Gaya har Yamai, wai zai nuna mini gidan tarihi. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta ce ita ba ta taɓa jin an ɗauki mai jego an kai ta kallon ƙashi ba. Can na ga ƙasusuwan wata dabba an jera su an tsayar, kanta ya fi rufin ɗaki tsawo. Na tambaye shi wa ya cinye naman. Ya yi dariya har mai gadi ya leƙo. Ya ce dabbar ta rayu tun babu mutum a bayan ƙasa, kuma inda aka tono ta, da yanzu rairayi ne zalla, a da gulbi ne ya fi namu faɗi. Na ce masa wannan zancen Nasara ne, itace aka sassaƙa.

"To, ke da kike hiɗar zabbi," in ji shi, "dubi wuyan nan gaɓa-gaɓa. Mi kika gani?"

Na duba. Gaɓoɓin wuyan zabo ne sak, yadda suke shiga cikin juna, har ramin da ɓargo ke bi, sai dai kowace ta kai turmi. Babu masassaƙin da zai san wannan sai in ya taɓa fiɗa. Tun daga ranar ciwon nasa ya kama ni. Ban gaya wa kowa ba, don mace irina in ta ce tana son sanin yadda duniya take kafin mutane, dariya za a yi mata a bakin rijiya.

Kun tuna lokacin da ya kai mu gandun daji ganin giwaye, tun ana shiga lafiya, ba kamar yanzu ba. Yini guda giwa ɗaya muka hango daga nesa, amma babanku ya dawo kamar wanda aka ba kujerar Makka, saboda ya samu kashinta sabo. Ya durƙusa ya fasa shi da kara ya nuna muku ƙwallayen aduwa a ciki, wasu har sun fara tsiro. Ya ce giwa ce ke shuka dajin da take ci. Yayanku ya toshe hanci ya koma mota. Ke Rakiya, kina 'yar shekara tara, ke kika sa hannu kika ciro ƙwallo shida kika ƙulle a bakin zanenki. Rubuta, kada ki tsallake. Duk cikinku babu wanda ya gaje shi kamar ke.

Sana'ata kun san ta. Kayan yaji nake sayarwa a babbar kasuwa: kimba, masoro, citta, kanumfari, da ɗan goro a gefe saboda 'yan Kamba da 'yan Dosso masu zuwa cin kasuwa. Idona a rufe ina bambance kimbar bana da ta bara. Amma duk kayan nan daga kudu suke zuwa cikin buhu, kayan yajin a bushe, baƙi ƙirin. Ban taɓa ganin uwar ko ɗaya ba. Na sha tambayar direbobin da ke kawo su, wani ya ce kimba a ƙasa take kamar gyaɗa, wani ya ce goro kamar dabino yake zuba. Babanku ya ce duk ƙarya suke, kuma akwai wani lambu a Porto-Novo da aka tara itatuwan kurmi, kowane da sunansa a rubuce, wata rana zai kai ni in gani da idona. Ya yi wannan alkawari ina da cikin auta. Sai haihuwa, sai karatunku, sai aurenku, sai ambaliya ta ci mana katanga. Kowace shekara sai baɗi.

A shekarar da nake ba ku labari, yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Yana ganin haske da inuwar mutum, amma rubutu ya gagare shi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Daga baya ƙafafunsa suka soma kumbura, in ya taka daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya nemi numfashi. Rakiya ta auna shi, ta kai shi Kandi, can aka ce zuciya ce, sai babban likita a Kwatano. Ita ta yi ta waya har ta samo mana rana. Ta so ta raka mu, aiki ya hana, ga ta kuma da tsohon ciki. Yayanku yana Kamba da kaya a hanya. Babanku ya ce ba ya bukatar kowa, shi yana da faransanci, ni ina da ido, in an haɗa mu mutum guda ne cikakke. Muka hau babbar mota da asuba, muka isa Kwatano bayan magariba, muka sauka a unguwar Zongo, gidan wani ɗan ƙanen babana.

Ran Talata muka ga likita. Mutum ne mai haƙuri, ya daɗe yana sauraron ƙirjin babanku, ya sa aka ɗauki hoto, sannan ya zauna suka yi magana mai tsawo da faransanci. Ni ina gefe riƙe da takalmansa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ya ba mu magunguna da wata takarda mai jan hatimi. Muka fito muka zauna a benci ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin.

Nan ne labarin da kuka sani ya rabu da gaskiya. Ku kun ɗauka babanku ya ce mini likita ya sallame mu, mu je gida mu sha magani. Bai ce haka ba. Duk abin da likita ya faɗa ya juya mini shi da Hausa, bai rage komai ba. Ya ce zuciyarsa ta buɗe ta yi girma, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Ya ce ba ta warkewa. Amma in ya dawo ran Alhamis aka kwantar da shi, sati uku ko wata guda, za a janye ruwan a daidaita magani, yana iya ƙara shekara, wataƙila biyu. In bai dawo ba, likita bai ba shi wata uku ba. Ya kuma ce an hana shi yawo da doguwar tsayuwa. Na sa ya maimaita, ya maimaita.

Na ce to, alhamdu lillahi, Alhamis ba nisa.

Ya yi ta murza hularsa a gwiwa. Can ya ce, "'Yar Garu, kin san daga nan zuwa Porto-Novo awa guda ce?"

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Na ce lambu ba gudu zai yi ba, in an sallame shi ma je. Ya ce ya tambayi likita wannan, likita ya ce in an sallame shi gida zai wuce kai tsaye ya kwanta, kuma kada ya sake yin doguwar tafiya. Ya ce shekarar da za a ƙara masa, a kan tabarma zai yi ta, ba ya ganin rubutu, ba ya taka ƙofar gida, ana juya shi kamar albasa a rumfa. Na ce ko a tabarma ne muna son shi. Na ambaci Rakiya da wahalar da ta sha, na ambaci cikin da take ɗauke da shi. Da na ambaci wannan ya share ido da hannun riga. Bai ƙara tayar da zancen ba har Laraba ta wuce. Na zauna a tsakar gidan mutane ina taya matar gida tsinke alayyafo, zuciyata tana faɗa mini abu biyu. Ɗaya tana cewa ki riƙe mijinki. Ɗaya kuma, ba zan ɓoye muku ba, tana cewa awa guda, Hamsatu, awa guda tsakaninki da uwar kimba.

Ran Alhamis da safe na haɗa masa jaka: tabarma, buta, kwano, riguna biyu. Na sa takarda mai jan hatimi a cikin jakar. Muka fito bakin titi, na tsayar da babura biyu, na taimaka masa ya hau na farko. Mai babur ɗin, wani Bazabarme ne, ya juyo ya tambayi tsoho ina za a kai shi.

"Tambayi mai ido," in ji babanku. "Inda ta ce, can za mu."

Mai babur ya dube ni. Asibiti yana hannun dama, na san hanyar, shekaranjiya muka bi ta. Na buɗe baki na ce, "Tashar Porto-Novo."

Ba wanda ya tilasta ni. Babanku bai roƙe ni da safen nan ba, bai ko juyo ba. Na ga dai bayan wuyansa ya saki.

Lambun a tsakiyar gari yake, amma kana shiga ƙofa sai ƙarar babura ta koma baya. Ban taɓa shiga inuwa irin wannan ba. Mu nan inuwa tabo-tabo ce, ka bi ta kana matsar da tabarma. Can kuwa sama gaba ɗaya ganye ne, ƙasa a jiƙe, wurin yana ƙamshin tukunyar da aka jiƙa sassaƙe. Ga birai ƙanana masu farin gemu suna bin rassa. Babanku ya tsaya ya ja numfashi iyakar abin da ƙirjinsa ya bari, ya ce in gaya masa duk abin da na gani, kada in ce "wani itace", in faɗi kaurinsa da fatarsa da yadda ganyen ya zauna a reshe.

Kowane itace da ɗan allo a gindinsa. Nan muka tsaya cirko-cirko: shi ya iya karatu ba ya gani, ni ina gani ban iya karatu ba. Ma'aikacin da ke zagayawa da baƙi ya tafi da wasu 'yan makaranta. Na ce mu jira shi. Babanku ya miƙo mini tafin hannunsa na hagu, ya ce in dubi baƙin farko in zana masa shi da yatsa yadda yake, in na gama in shafe in zana na biyu. Na ce ban iya ba. Ya ce wadda ke zana wa amare lalle ba za ta gaya masa haka ba. Na durƙusa gaban allon na soma. Na farko kamar jinjirin wata, na biyu zobe. Da farko ina juya su baibai, yana cewa wannan baƙin ba a haife shi ba tukuna. Kafin azahar hannuna ya faɗa. Ina zanawa yana haɗawa, sai ya faɗi sunan da ƙarfi, irin dogayen sunayen nan na masana, ya gaya mini danginsu, wane ɗan'uwan wane ne. A nan na ji wai rimi da kuka 'yan gida ɗaya ne.

Akwai wani itace madaidaici mai ganye dogaye masu sheƙi, ba shi da wani kwarjini. Na zana masa baƙi huɗu kawai sai ya rufe hannunsa ya kama yatsana. Ya ce in duba sama in gaya masa abin da ke rataye. Na ce wasu 'ya'ya ne kore masu ƙuraje, kamar dunƙulen hannu, ba su da kyan gani. Ya ce in nemi wanda ya faɗo. Na samu ɗaya ya tsage, na ɓare shi, ciki akwai wasu abubuwa a jere lulluɓe da farar fata mai laushi. Na murje fatar da babban yatsa. Sai ga goro, ja, sabo, yana kallona.

Na zauna a ƙasa. Shekara talatin ina yayyafa masa ruwa ina lulluɓe shi da ganye, da shi aka ɗaura aurena, da shi aka raɗa muku suna, ban san a cikin riga biyu yake zuwa duniya ba. Babanku yana tsaye dafe da itacen yana dariya, tari yana katse shi.

"Yau dai dabino ya faɗi," in ji shi. "In mun koma ki nemo direban nan."

Kimba kuwa ni na gane ta kafin allo. Itace ne dogo miƙaƙƙe, 'ya'yan suna fitowa tari guda kamar yatsun hannu, kore, waɗanda suka nuna sun fashe cikinsu ja. Na miƙa hannu na tsinki ganye na murza don in sansana, yadda duk mai kayan yaji za ta yi. Sai ga mai gadi ya taso yana faɗa da yarensu. Na zaci babanku zai kare ni. Ina, bayan mai gadi ya bi. Ya ba shi haƙuri da faransanci, sannan ya juyo ya ce mini in kowace 'yar kasuwa ta tsinki ɗaya, jikokinmu kututture za su zo gani. Abin da ya faɗo ƙasa shi ne namu. Na yi fushi na kusan rabin awa. Masoro ashe yaɗo yake yi yana hawan wani itace, 'ya'yansa jajaye a jere. Citta a gindi take fitowa, dab da ƙasa. Kanumfari ne kaɗai ban samu ba, ya ce wannan sai an ƙetare teku, kuma shi alkawarinsa bai kai can ba.

Kwana uku muka yi muna zuwa. Muna kwana a gidan wani mai sayar da goro ɗan Gaya da ya taɓa zama ɗalibinsa. Rana ta biyu muka shiga ɗan ɗakin da suka ajiye busassun ganyaye da ƙwari a cikin gilashi, na ga an yi su daidai yadda yake yin nasa, na gaya masa, na ƙara da cewa nasa sun fi shimfiɗuwa. Ya ce ai su ba su da 'Yar Garu a kan katifa. Rana ta uku takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa. Mai gadin nan da ya yi mini faɗa shi ya kawo masa kujera ya ajiye kusa da ƙofa. Ni nake shiga ni kaɗai, in dubi allo in riƙe baƙaƙen a kaina, in dawo da sauri in zana kafin su zube. Wani lokaci sai na koma sau uku. Leɓɓansa sun yi duhu, yana magana yana hutawa, amma bai bar ni na tsallake itace ɗaya a layin ba.

Kullum da yamma Rakiya tana kira. Shi ke ɗauka, ya ce mun ga likita, an ba da magani, yana sha. Duk gaskiya ne, sai abin da ya rage bai faɗa ba. In ta ce a ba ta Inna, sai in ce lafiya lau, ya jikinki, in mayar masa da waya.

Ran Lahadi na ce masa to, an gani, gobe mu koma asibiti mu ba likita haƙuri. Na faɗa da gaske, har na yi kuka. Ya ce ya ji jikinsa, abin ya wuce nan. Ya ce in ya mutu a Kwatano, ko dai a binne shi cikin yashi mai ruwa inda ba wanda zai ziyarce shi, ko a ɗora wa 'ya'yansa jigilar gawa tsawon ƙasa guda. Yana so ya ji ƙarar manyan motoci a kan gada. Wannan karon ban yi gardama mai tsawo ba. Na riga na san ranar gardama ta wuce tun Alhamis, kuma ni na bar ta ta wuce.

Kwana goma sha tara ya yi a gida. Kun zo duka, kun gan shi. Abin da ba ku gani ba shi ne bayan kwana bakwai da rasuwarsa, lokacin da Rakiya ke kwashe magungunan da suka rage ta ci karo da takarda mai jan hatimi a jakar tafiya. Ta karanta a tsaye. Ta zo ta durƙusa gabana, ina cikin takaba, ta ce, "Inna, Baba ya ɓoye miki. An ce ya koma a kwantar da shi. Ya yi amfani da rashin jin faransancinki ya ja ki yawon ganye." Ta rungume ni tana kuka, tana ba ni haƙuri a madadinsa. Ni kuma na sunkuyar da kai ban ce komai ba. Shirun nan shi ne ƙaryar da na yi muku.

Na zaci abin zai huce. Bai huce ba. Ke Rakiya, da kika haihu bayan wata guda, namiji, mijinki da kansa ya ce a sa wa yaron sunan Mushe, kika ce a'a, a nemi wani. Kika tattara ganyayensa da littattafan ruwan sama kika kulle a akwati, kika ce kada a buɗe a gabanki. Na ji ki da kunnena kina gaya wa yayanki cewa mutumin ya zaɓi itatuwa a kan 'ya'yansa, ya kuma yaudari matar da ta amince da shi. Ranar salla in an tafi maƙabarta gaida shi, ke aiki ne ke riƙe ki kowace shekara. Ni kuwa kin ninka mini kulawa, kina kawo mini magani da atamfa, kina kirana baiwar Allah. Kowace atamfa da na karɓa, da hakkinsa na ɗaura ta.

Yanzu kin ji. Bai yaudare ni ba ko sau ɗaya tun da aka kawo ni gidansa. Ya faɗa mini komai a kan bencin nan, ya bar zaɓi a bakina, ni na ce tasha. In akwai wanda ya rage muku shekara guda da ubanku, ga ta zaune gabanki. Ko tausayinsa ne ya yi magana da bakina, ko kwaɗayin ganin abin da na daɗe ina son gani, wallahi ban sani ba. Na dai san kwana ukun nan ban taɓa ganinsa da farin ciki irin nasu ba, ni ma haka, kuma wannan na biyun shi ke hana ni sakewa. Fushin da za ki yi, yi da ni, ina da rai, zan iya ɗauka. Goge idonki ki ƙarasa, saura kaɗan.

Za ku tambayi dalilin da ya sa na yi shiru shekara bakwai. Ranar da zai rasu, bayan la'asar ne, kun fita tsakar gida kuna cin abinci, ni kaɗai ce a ɗakin ina yi masa fifita. An jingina shi da matasai uku saboda ba ya iya kwanciya. Ya laluba ya kamo hannuna, ya tambaya ko takardar tana nan. Na ce tana jaka. Ya ce kada in ƙona, Rakiya za ta nema, in ba ta gani ba za ta kira likitan da kanta. Ya huta, ya sake jan numfashi. Abin da ya faɗa daga nan shi ne maganarsa ta ƙarshe gare ni, sai kalmar shahada da liman ya laƙƙana masa.

"In sun gani, ki ce ban gaya miki ba. Ba ki jin faransanci, za su yarda. Ke za ki zauna da su, 'Yar Garu. Ni kuwa ba za su daɗe suna hushi da wanda ke cikin ƙasa ba."